Ƙara haƙori a sifoket ɗin gaba, yana rage shan mai kuwa?

Dogon_Hanya:

Salam jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah masana harkar babur ku taimaka min da shawara. Ina da mashin 150cc mai giya biyar, kafireta ne ba injekta ba, kullum ina yin kamar kilomita 35 zuwa wajen aiki 35 dawowa, kuma yawancin hanyar miƙaƙƙiyar kwalta ce babu tsaye-tsaye sai can ƙarshe. Matsalata ita ce da na kai 80 a giya ta biyar sai injin ya kama kuka kamar ana yanka shi, allurar rpm, wato mai nuna yawan juyawar inji a minti ɗaya, tana wajen 6,500, kan mashin yana ta karkarwa har in na sauka sai yatsuna sun ɗau mintuna kafin in ji su daidai, madubi kuwa ba ka ganin komai a ciki sai inuwa. Sau nawa ƙafata take neman giya ta shida wadda babu ita, sai in tuna ai na ƙure.

Wani abokin aikina ya ce in canza sifoket, wato faifan ƙarfe mai haƙora da cen ke hawa, wai in ƙara na gaba ko in rage na baya injin zai huta kuma mai zai daɗe a tanki. Na tsuguna na ƙirga nawa, na gaba haƙori 14 na baya 42, cen ɗin kuma an rubuta 428 a jikinsa. To abin da nake son sani, da gaske ne yana rage shan mai ko dai kukan ne kawai zai ragu? Wanne ya fi, a taɓa na gaba ko na baya? Kuma haƙori nawa zan iya ƙarawa ba tare da na kashe wa mashin ɗin ƙarfi ba, don wani lokacin ina ɗaukar goyo. Na gode.

Mai_Alli:

Wa alaikassalam ɗan uwa. Abokin naka bai yi ƙarya ba amma bai ƙarasa maka maganar ba. Bari mu fara da lissafin don shi ne mai sauƙi. Ka raba haƙoran baya da na gaba, 42 raba 14 ya ba ka 3, ma'ana sai sifoket ɗin gaba ya juya sau 3 kafin tayar baya ta juya sau ɗaya. In ka sa 15 a gaba ka bar 42 a baya zai koma 2.8, wato an rage kusan kashi 6.7 cikin 100, to 6,500 ɗin nan naka a gudun 80 zai sauko wajen 6,070. In ka sa 16 zai koma 2.625, rpm ya dawo wajen 5,700. In kuma na baya ka taɓa, 14 da 39 zai ba ka kusan 2.79, ka ga kusan daidai yake da 15 da 42, shi ya sa kake jin ana cewa haƙori ɗaya a gaba kamar uku ne a baya.

Amma abin da mutane ke mantawa shi ne babu abin da sifoket ke ƙara wa inji, ƙarfin da yake da shi jiya shi yake da shi yau, kawai dai ka canza yadda ake raba shi ne. Daidai abin da ka rage a rpm, daidai shi ka rage a ƙarfin da ke isa taya, kuma a kowace giya ne, ba a ta biyar kaɗai ba. Giya ta ɗaya ma ta ƙara tsawo, tashi daga tsaye zai ɗan yi nauyi, za ka ɗan ƙara riƙe kuloci fiye da yadda ka saba musamman da goyo ko a kan tudu.

Maganar mai kuma ga yadda take. Injin fetur in totur yana ɗan buɗe kaɗan, fistan wahala yake sha wajen zuƙo iska ta ƴar ƙaramar kafa, kamar ka toshe hanci ɗaya kana gudu, wannan wahalar kuwa da mai ake biyanta. Sannan duk yadda inji ya ƙara saurin juyawa gogayyar da ke tsakanin fistan da ringi da silinda da sauran ƙarafa tana ƙaruwa. To in ka sauke rpm ka ɗan ƙara buɗe totur don ka riƙe gudun da kake, ka rage waɗannan asarorin guda biyu, daga nan ne ribar take zuwa, dalilin da ya sa ma motoci suke da giyar sama mai tsawo kenan. Sai dai kar ka ɗauka tunda rpm ya ragu da kashi 7 to mai ma zai ragu da kashi 7, a'a, don aikin da injin yake yi na ture iska da jan nauyinka a gudun 80 bai canza ba ko kaɗan. Ribar za ta zo ƙasa da haka, wani lokacin ma sai ka auna da kyau kafin ka gan ta.

Ni dai shawarata 15 a gaba, ka tsaya nan. Alamar da za ka duba kafin ka saya: a giya ta biyar kana kan 80, in ka murɗa totur mashin ɗin yana amsawa nan take yana ƙara gudu har allurar rpm ta doshi jan layi? In eh ne to yana da rarar ƙarfin da zai ja haƙori ɗaya. In kuwa dama a 80 ɗin ka kusa ƙure totur, bar shi yadda kamfani ya yi shi.

Sarkin_Totur:

Hhhh Dogon_Hanya zo ka ji labarin wanda ya riga ka, wlh ni na yi wannan haukan. Nawa 125 ne, na ce tunda haƙori ɗaya yana da amfani to biyu ai sun fi, na sa 16 a gaba kuma ban tsaya nan ba na rage biyu a baya, ina jin kaina injiniya. Ranar farko daɗi kamar me, mashin shiru, madubi tas har ina hango lambar motar da ke bayana. Washegari da safe iska ta taso tana bugun ƙirjina sai ga ni na ƙure totur har hannuna ya ƙage amma allura ta ƙi wuce 75, ɗan tudun da a da ko sanin yana nan ban yi ba sai da na dawo giya ta huɗu, da na ɗau goyo kuwa ta uku muka sha. Ƙarshe dai giya ta biyar ta zama ta ado, sai a gangare nake ganinta, kullum ina ta huɗu kuma ta huɗun nan kukanta ya fi wanda na gudu daga gare shi tun farko. Mai kuwa sai ma na ga kamar ya fi saurin ƙarewa, don kullum totur a buɗe yake wangam. Ga zafi, in na tsaya sai ka ji injin yana ƙas ƙas ƙas yana hucewa, ga warin kuloci in zan tashi da kaya.

Sati uku na yi na mayar da 42 ɗina a baya na sa 15 a gaba, shikenan muka shirya da mashin. Don haka in ka ji ana ce maka sa 16 ko 17 ka tambayi mai maganar cc nawa ne nasa tukuna, don mai 400 ko 600 abin da zai ja da wasa kai naka numfashinsa zai ɗauke.

Dogon_Hanya:

Kai Sarkin_Totur ka ba ni dariya, Allah ya ƙara tsarewa. Malam Mai_Alli na gode ƙwarai, na gwada abin da ka ce yau da yamma a hanyar dawowa, a 80 totur bai kai rabi ba ma, da na murɗa ya tafi har 95 ba gardama sai na sassauta. Amma akwai inda ban gane ba, kai ka ce buɗe totur da ƙaramin rpm shi ke rage shan mai, shi kuma Sarkin_Totur ya ce totur a buɗe ne ya shanye masa mai. To wanne ne gaskiya a ciki?

Mai_Alli:

Duka biyun gaskiya ne, iyaka ce a tsakani. Tunda naka kafireta ne bari in yi maka da ita. Daga silo zuwa kamar kwata na totur ƙaramin jet, wato ƴar kafar da mai ke bi a cikin kafireta, shi ne yake ba da mai, daga kwata zuwa kamar kashi uku cikin huɗu allurar cikin kafireta ce ke iko, daga nan zuwa ƙurewa kuma babban jet ne. Haɗin da fetur ke ƙonewa tas shi ne kamar iska 14.7 a kan mai 1 ta fuskar nauyi, amma in aka ƙure totur ana barin man ya fi haka yawa da gangan don a samu cikakken ƙarfi kuma injin ya ɗan yi sanyi. Masu injekta ma haka kwamfutarsu take yi. To kai da kake ƙasa da rabi, in ka sa 15 za ka ɗan ƙara murɗawa kaɗan amma kana nan a tsakiya inda haɗin yake da tsimi. Shi kuwa oga Sarkin_Totur ya tura kansa har can saman inda ake zuba mai da yawa, kuma ya kai injin ƙasa da rpm ɗin da yake da ƙarfi, sai ya zama ga mai yana shiga ga gudu babu.

Kuma tunda maganar tsimin mai ake, bari in faɗi abin da ba a son ji. A gudun 80 babban abin da mashin ke faɗa da shi iska ce, ita kuma turjiyarta ba a hankali take ƙaruwa ba, in ka ninka gudu sau biyu ita sau huɗu take ninkuwa, ƙarfin da inji zai fitar don ya ture ta kuwa sau takwas. Daga 80 ka sauko 70 turjiyar iska ta ragu da kusan kashi 23 cikin 100, daga 80 ka hau 90 ta ƙaru da kusan kashi 27. Ka ga wannan ya fi duk abin da haƙori ɗaya zai ba ka. Kuma tarkon da ke cikin canza sifoket kenan, da ma kukan injin ne yake tsare ka a 80, da ya yi shiru sai ka tsinci kanka a 88 ko 90 ba ka ma sani ba don kunnenka yana neman tsohon sautin da ya saba, sai a ƙarshen wata ka ce sifoket bai yi komai ba alhali hannun damanka ne ya cinye ribar.

Tsohon_Bakanike:

Sannunku samari. Na karanta duk abin da kuka rubuta, malamin lissafi ya yi bayani mai kyau, ni ɓangaren sifana zan taɓa don na ga ba wanda ya taɓa shi.

Yaro kafin ka sayi komai kwance murfin da ke rufe sifoket ɗin gaba ka leƙa. Wani mashin ɗin 15 yana shiga da sarari, wani kuma cen zai riƙa gogar jikin inji ko ƙarfen da aka sa don ya kare inji in cen ya tsinke, kuma na sha ganin masu cire wannan ƙarfen su yar don sifoket ya shiga, ranar da cen ya tsinke a kan gudu shi ne zai fasa maka jikin inji baƙin mai ya tsiyaye a titi. In bai shiga ba kar ka tilasta, koma baya ka sa 39 ko 40, sakamakon kusan ɗaya ne. Sannan ka tafi da tsohon a hannunka wajen saye, ka ɗora su ɗaya kan ɗaya, ramin tsakiya da ƴan tsagoginsa da ramukan noti duk su dace, kaurinsu ya zama ɗaya, kuma ya zama na 428 ne. Cen 428 tsakanin ƙusa da ƙusa milimita 12.7 ne, 520 kuwa kusan 15.9 ne, ba sa hawa kan juna. 420 kuma tsawon gaɓarsa ɗaya da 428 amma ya fi shi siranta, nan ne ake yawan cutar mutane, sai ya hau kamar ya yi daidai alhali cen yana ta rawa a kansa.

Tsawon cen ba matsala ba ne in haƙori ɗaya ne a gaba, tayar baya za ta matso gaba da kamar milimita 3 kacal, abin ɗaure cen zai ɗauke wannan sai dai in dama tayar tana can ƙurewar gaba. In uku ka rage a baya tayar za ta ja baya da kusan santimita ɗaya, in cen ɗinka ya riga ya miƙe to wurin ɗaurewa zai iya ƙarewa sai an cire gaɓa, kuma bibbiyu ake cirewa.

Abin da na fi so ka ji shi ne wannan. Kar ka ɗora sabon sifoket a kan mataccen cen. Je ka bayan sifoket ɗin baya ka kama cen da yatsu biyu ka ja shi baya, in ya ɗago har kana ganin rabin haƙori to ya gama aiki. Duba haƙoran ma, in sun yi tsini ko sun lanƙwashe gefe ɗaya kamar ƙugiya su ma sun tafi. Tsohon cen cikin ɗan lokaci zai cinye sabon sifoket ya mai da shi irinsa, gara ka jira lokacin canji ya yi ka sayi ukun gaba ɗaya da haƙoran da kake so. In cen ɗin da sauransa to ba laifi ka canza na gaban kawai, shi ne ma ya fi sauƙi, kuma ka adana 14 ɗin kar ka yar, in abin bai yi maka ba minti kaɗan ne ka mayar.

Wajen ɗaurawa, in naka mai babban noti ɗaya ne a tsakiya ka kwance shi tun cen yana kai, wani ya taka maka birkin baya, in ka riga ka cire cen sai dai ka yi ta juya inji a banza. Ƙarfen da ke kulle notin a mayar da shi yadda yake. Ƴar makullin da ke haɗa cen, rufaffen bakinta ne yake kallon inda cen ke tafiya, in ka juya ta wata rana za ta fice. Sassaucin cen a tsakiya kamar santimita 2 zuwa 3 ne a yawancin ƙananan babura amma ka duba littafin naka ko takardar da ke manne a jikin ƙarfen taya, kuma layukan da ke gefe biyu na tayar su zo daidai da juna. Cen da aka ɗaure tamau yana cin boris ɗin giya, kuma shi kansa yana cin mai. Sai roƙona na ƙarshe, kar ka taɓa goge cen ko sa masa mai inji yana aiki taya tana juyawa, na ga yatsun da suka tafi ta haka, kashe mashin ka juya tayar da hannu.

Af, kuma karkarwar nan da kake faɗa, ka sa a duba notukan da ke riƙe inji da ƙarafan da ke ƙarshen kan mashin in naka yana da su, sau da yawa noti ɗaya ne ya saki ake ɗora wa giya laifi.

Uwar_Tafiya:

Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya, wannan maganar ƙarfen kare inji ban taɓa sani ba sai yau. Ni abu ɗaya zan ƙara wanda ya taɓa ruɗa ni. Dogon_Hanya ka duba daga ina malejinka yake karatu. In waya ce ta taso daga tayar gaba to ba ruwansa da sifoket, zai ci gaba da faɗin abin da ya saba. In kuwa daga akwatin giya yake ɗauka, kamar nawa, to da ka sa 15 zai fara yi maka ƙarya, zai nuna ƙasa da gudun da kake yi, inda ya nuna 80 kana wajen 86 ne a ma'aunin da, kuma kilomita 100 da ka yi zai rubuta maka 93 da ɗan kai. Ni da na canza nawa na yi lissafin mai sai na ga kamar ya ƙara sha, raina ya ɓaci har na kusa mayarwa, ashe malejin ne yake cinye min kilomita kuma ni ma ina gudu fiye da da ban sani ba. Ka kunna GPS na waya ka gwada su tare a miƙaƙƙiyar hanya za ka gane.

Kuma dan Allah ka auna tun kafin ka canza, in ba haka ba da me za ka kwatanta? Ka cika tanki har wani wuri da ka sani, mashin yana tsaye a miƙe, ka rubuta abin da maleji ya nuna, ka yi tafiyarka yadda ka saba, in ka dawo shan mai ka sake cikawa daidai wurin nan, sai ka raba kilomitan da ka yi da litar da ta shiga. A ce ka yi 280 lita 7 ta shiga, ka ga 40 kenan a kowace lita. Tanki ɗaya ba ya isa don iska da goyo da cunkoso duk suna canza shi, ka yi kamar uku kafin, uku bayan, hanya ɗaya gudu ɗaya. Kuma kafin ka fara awon ka gyara sauran abubuwan, iskar taya ta kai yadda aka rubuta, iyakilina a wanke ko a canza, fulogi, birkin da ke kamawa ko ba a taka ba, cen ya sha mai. In ka haɗa su rana ɗaya da sifoket ba za ka taɓa sanin wanne ne ya yi aikin ba.

Ni a nawa gaskiya abin da na fi mora shi ne hannuna ya daina mutuwa kuma ina isa ban gaji ba, man kam ɗan kaɗan ne bambancin, amma ko don hutun nan ba zan koma 14 ba.

Dogon_Hanya:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Baba na bi maganarka na kwance murfin ɗazu, akwai sarari sosai tsakanin cen da ƙarfen nan, yatsana ma yana shiga, kuma nawa ba babban noti ba ne, ƙananan noti biyu ne da ɗan faranti. Na ja cen ɗin a baya bai ɗago ba sai ɗan kaɗan, don bai fi wata huɗu da na canza su ba. Hajiya maleji na daga tayar gaba yake, na ga wayar, sai dai abin kunya da na auna iskar tayar baya ashe ta yi ƙasa sosai ban sani ba, na cika ta yanzu. Zan yi tanki uku da 14 ɗin tukuna ina rubutawa a waya sannan in sa 15 in sake yin uku, insha Allah zan dawo nan da lambobin.

Tambaya ɗaya Baba, ɗan farantin nan mai noti biyu, na tsohon zai hau kan sabon sifoket ɗin ko shi ma sai na sayi sabo?

Tsohon_Bakanike:

Zai hau in ramukan sun dace. Amma juya shi ka duba ƴan haƙoran cikinsa inda yake kama tsagin sandar giya, in sun cinye ko farantin ya lanƙwashe sayi sabo, don shi kaɗai ne yake hana sifoket ɗin zamewa waje. Notukan biyu ka ɗaure su daidai kar ka yi musu ƙarfin tsiya su ƙanana ne suna karyewa, kuma bayan tafiyar kwana biyu ka sake buɗe murfin ka taɓa su da sifana.